Kawu, Ciwon Suga da Itatuwan Fadama

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ya rasu ana tsakiyar mangwaro, abin da ya rikita zaman makokinsa ke nan. Da cikin damina ya tafi, da mutane sun yi addu'a sun shafa sun koma gona. Sai ya zamana ranar da aka kai shi makwancinsa akwai kwanduna jere a zaure, waɗanda aka tsinko da sassafe kafin rai ya yi halinsa, ƙamshinsu yana fitowa har kan tabarmin masu gaisuwa. Ba mai iya cewa a fitar da su, ba mai iya cewa a ci. Duk wanda ya iso sai ya yi sallama, ya ce Allah shi jiƙan shi, ya dubi kwandunan, daga nan ya zama likita.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta faɗa daga cikin gida, da muryar da ta iso mu a waje: "Ɗiyan itacen ga su sunka ci shi. Mutum da ciwon suga, shina kwana cikin zaƙi shina tashi cikin zaƙi." Wani dattijo da suka taɓa fataucin hatsi tare a Kasuwar Daji ya ce sam, hana shi da aka yi ne ya karya shi, don tun da likitoci suka sa masa ido a baki bai sake ƙiba ba. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Tasa ce gaskiya, amma ban ga wanda ta ishe shi ba.

Babban ɗan Kawu, taubashina, bai tanka ba sai rana ta uku bayan an shafa fatiha. Ya ce kafin ruwa ya sauka zai sa gatari a lambun gaba ɗaya, ya sallama wa masu gawayi itacen, ya shuka albasa. Ya ce ba zai iya ci gaba da ratsawa ta ƙarƙashin abin da ya kashe ubansa ba. Tsakanina da shi wasa halal ne tun muna yara, amma ranar ban yi masa ba, don na ga idonsa.

Ni ɗan ƙanwar mamacin ne, ina koyarwa a wata makaranta a Kaura Namoda. Ba ni da ko reshe ɗaya a gadon nan. Abin da nake da shi shi ne abin da na gani, kuma na ƙudura ba za a binne Kawu da labarin da ba nasa ba, a bi bayansa da itatuwansa.

Lambun yana fadama, a gefen Katuru ta ƙasar Shinkafi. Lokacin da Kawu ya fara dasa shi mutanen garin gero da dawa suka sani, kayan zaƙinsu kuwa na daji ne, kanya da ɗinya da magarya. Ya samo dashen mangwaron daga wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a Kaura, ya ɗauro su bayan keke cikin tsumma jiƙaƙƙe. An daɗe ana yi masa ba'a, ana cewa ya shuka abin da jikokinsa za su ci. Shi ya ci, jikokin suka ci, masu ba'ar ma suka ci, wasunsu ba da izini ba. Daga baya ya ƙara gwaiba da gwanda da ɗan lemun zaƙi, wanda bai taɓa son ƙasar ba amma ya haƙura ya zauna.

Kawu bai yi boko ba, ba kuma ya jin kunyar hakan. Yana da ido dai. Shi ya fara lura cewa yaran unguwa masu dundumi, waɗanda in magariba ta yi suke tuntuɓe da turmi, suna warwarewa in mangwaro ya nuna. Ya lura matan da suka haihu in sun sami gwanda ba sa wahalar bayan gida, kuma mai zubar jini a dasashi in ya lazimci gwaiba yana samun sauƙi. Da na shiga kwalejin horon malamai na dawo masa da sunayen sinadaran da ke yin wannan aiki, ina jero su da Turanci. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, Malam, su sinadaran sun san sunansu?" Daga ranar ya riƙa kirana Malam, ban kuma taɓa tabbatar da cewa girmamawa ce ba.

Alherinsa yana da ƙa'ida. Gidan da aka yi haihuwa ba sai an aiko ba, kwarya za ta je da gwanda a ciki. Yara kuwa ba ya hana su, amma ba wanda zai ci a lambunsa bai wanke a bakin rijiya ba, kuma wanda ya faɗi ƙasa ya fashe na awaki ne. Ya ce gudawar da ake ɗora wa mangwaro duk shekara ta ƙuda ce da hannu mai datti. Wanda ya kama da ɗanye a aljihu ba ya dukansa, sai ya zaunar da shi ya ce ya cinye a gabansa ba gishiri. Ba a cika maimaitawa ba.

Inda idon nasa ya gaza shi ne a kan kansa. Kawu yana cin mangwaro kamar mai biyan bashin azumi. Yakan zauna da kwano bayan azahar, ba ya tashi sai ƙwallaye sun taru a gabansa. In babu mangwaro akwai rake, in babu rake akwai dabino, ga shayi mai kauri da safe. A shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, ana ta murna ana cewa yanzu komai zai zo kusa, abin da ya zo kusa da Kawu ƙishirwa ce. Yana shan ruwa kamar raƙumi, yana zagayawa ba adadi, rigunansa suka fara yi masa yawa. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ta ga kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari, ta aiko a gaya mini.

Na kai shi asibiti a Kaura. Likita ya auna jini ya ce ciwon suga ne, ya ba da magani, ya yi bayani dalla-dalla. Bai ce an haramta masa 'ya'yan itace ba. Ya ce kaɗan, bayan an ci abinci, ba a ciki wayam ba. Ya ce gwaiba ta fi masa mangwaro, rake da zuma da tarin dabino kuwa ya yi nesa da su. Kawu ya yi godiya da ladabi. Muna fitowa ƙofa ya ce mini, "Yaron ga shina da kirki, amma bai gane ba. Suga na kanti shi ka kawo ciwo. Wanga na Allah na, daga itace yaf fito." Na ce masa shi ma na kantin daga rake aka tatso shi, kuma jini ba ya tambayar zaƙi daga ina ya zo. Ya ce in bar shi da falsafa.

Bai daina ba sai da ƙaya ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, aka kwantar da shi aka yanke yatsan. A wannan kwanciyar ce na ga abin da har yau nake ba ɗalibaina labari. Mu a wajenmu ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma abin da ake kai wa majinyaci shi ne kayan marmari. Mutumin da ya ciyar da gari 'ya'yan itace, kowa ya ga ranar ramawa ta zo. Aka zo daga Shinkafi da lemu, daga Zurmi da ayaba, wani ya yanko kankana, wani ya kawo zuma a kwalba ya ce tana kashe kowace cuta. Ba kuma ajiyewa suke yi su tafi ba. Sai mutum ya ɓare da hannunsa, ya miƙa, ya zauna yana kallo. "Ci mana, Alhaji, ka ji ƙarhi." Kawu kuwa bai iya kunyata mai kyauta ba. Yana ci yana godiya, wannan ya tashi wancan ya zauna. Masoyansa suka kusa gamawa da shi a kan gadon asibiti, kowannensu yana neman lada.

Ma'aikaciyar jinyar da ta auna shi washegari ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga zanen ta nuna masa ƙafar, ta ce in aka ci gaba haka za a dawo a yanke daga gwiwa, ita dai ta faɗa. Kawu ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ce wa Inna ta kwashe duk abin da ke ƙarƙashin gadon ta kai ɗakin masu haihuwa.

Mutumin da ya fito daga asibitin nan taurin kansa bai ragu ba, juya shi kawai ya yi. Da ƙarfin da ya ƙi jin maganar likita, da shi ya riƙe ta. Ya bar rake, ya bar zuma, shayinsa ya koma ruwan ɗaci. Mangwaro kuwa bai rabu da shi ba. Bayan ya ci tuwo yakan sa a kawo masa guda, ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya fere ɗan yanki da wuƙarsa ya ci a hankali, sauran ya miƙa wa na kusa. In an tambaye shi yaya shi da mangwaro yanzu, sai ya ce, "Gaisuwar surukai muka yi. In durƙusa daga nesa, in gaishe shi, in tashi." Na zauna kusa da shi sau da yawa a irin wannan lokaci, ba don zumunci kaɗai ba.

Wannan riƙon ne ya haɗa shi faɗa da amininsa, wani tsohon direban babbar mota da ke zirga-zirga zuwa Nijar. Shekara da shekaru in azumi ya kama sai ya sauke wa Kawu buhun dabino da galan na zuma. A azumin da ya biyo bayan yanke yatsan ya kawo kamar kullum, Kawu ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya ce a mayar masa da sauran mota.

"Mi kac ce?" in ji direban.

"Na ce ka kai ma masu lahiya."

"Ni zaka maido ma kyauta? Gaban mutane?"

"Kai ɗin. Da wani na, da na karɓa in ba awaki bayan ya tahi. Kai ina son ka sani."

"Dabino abincin Annabi na. Yanzu likita ya hi shi?"

"An ce a buɗe baki da shi. Ban ji inda anka ce a rufe kwano ba."

Direban ya tada mota bai yi sallama ba. Damina ta zo ta wuce ba su gaisa ba, garin kuwa ya ba Kawu rashin gaskiya, don mayar da kyauta abu ne da ba a yi. Inna ta roƙe shi ya aika a ba da haƙuri, ya ce ba zai nemi gafara don ya ƙi yanke ƙafarsa ba. Ranar wata kasuwar Shinkafi sai ga direban ya tsaya a ƙofar gida da ƙullin zogale a hannu, ya jefa masa a cinya ya ce, "Ga abincin tsohon akuya." Kawu ya ce a shimfiɗa masa tabarma. Ba wanda ya ƙara tada maganar. A wajen jana'izar Kawu direban ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, kuma cikin masu bayanin abin da ya kashe Kawu ban ji bakinsa ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, wa'azi ya yawaita, masu maganin gargajiya da lasifika su ma suka yawaita, kowa yana jingina hajarsa da addini. Wasu samari masu kyakkyawar niyya suka zo har gida suna ce masa ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma zuma zalla. Kawu yana son Shari'ar, ya je Gusau da sandarsa ranar da aka taru, ya dawo murya a dishe. Amma ya ce wa samarin jikin nan amana ne, kuma tun da yanzu an ce kowa za a tambaye shi amanar da aka ba shi, shi ba zai je da ƙafa ɗaya ya ce zuma ce ta ci ɗayar ba. Ya sa aka tsinko musu gwaiba suka tafi da ita.

Ya rayu shekaru bayan yanke yatsan, da ƙafafunsa biyu, yana zuwa fadama kullum. Abin da ciwon ya riga ya ɓata a ciki tun zamanin kwano shi ne ya ci gaba da aikinsa a hankali, ga kuma tsufa. Ganinsa ya ragu, ƙafafu suka riƙa kumbura. Ko a makonsa na ƙarshe ya sa an kai shi lambu a bayan amalanke, ya nuna reshen da za a tokare don kada nauyin 'ya'ya ya karya shi. Mai jin haushin itace ba ya yin haka.

Duk wannan na faɗa wa taubashina bayan an watse, muna zaune a zaure.

"Kai dai malamin makaranta na," ya ce. "Kowane abu sai ka yi mai darasi."

"Kai kuma jarumi ne. An rasa wanda za a rama a kansa sai wanda ba ya gudu."

"Ba ubanka na ba."

"Kawuna ne. Kuma na fi ka cin sauran mangwaronsa, don kai kullum kana Kaura wajen mai shayi kana cewa a ƙara cokali."

Ya kusa yin dariya, ya fasa. Ya ce ni ban ɗauki Kawu zuwa bayan gida ba, ban ga yadda ƙafar ta koma ba. Wannan gaskiya ne. Ya ce ya riga ya yi magana da masu gawayi. A al'adarmu kuwa ƙasa ta maza ce a aikace, ko me littafi ya ce. 'Ya'ya mata sukan ce sun bar wa ɗan'uwansu, a ba su ɗan abin da aka ba su, su koma gidajen mazansu. Kawu ya bar ɗa namiji ɗaya da mata biyu. Ba wanda ya yi zaton za a ji wata murya.

Ranar rabon gado aka kira malamin da ke yin wannan aiki. Autar Kawu, wadda ke aure a Zurmi, ta iso a makare, don lokacin an hana mata hawa kabu-kabu, sai da ta jira motar mata ta cika. Ita ce ta yi jinyarsa a watanninsa na ƙarshe. Ta zauna bayan ƙofa tare da yayarta da Inna. Malamin ya karanto rabon kowa, ya zo kan lambu, ya tambaya don cika ƙa'ida ko matan sun bar wa ɗan'uwansu. Har ya buɗe baki zai wuce.

"Ba mu bari ba, Malam," in ji auta.

Taubashina ya juya ya ce, "Ke, mi kika yi da lambu kina Zurmi?"

"Yaya, ba faɗa niz zo yi ba. An ce yanzu Shari'a aka yi. To a ba mu namu da itacensa a tsaye."

"Abin da yak kashe Baba?"

"Ni ka ba shi abinci. Na san abin da yac ci da abin da ya bari. Yanka guda shika ci ya miƙo min saura. In kana neman abin da yak kashe shi, ba shi cikin fadama."

Wani daga cikin dattawa ya fara cewa ba a saba ba, mace da lambu. Malamin, wanda na ɗauka zai bi dattawan, ya ce ba a tambaye shi abin da aka saba ba, an kira shi ya raba ne, kuma haƙƙinsu ne. Sai Inna, wadda ba ta yi magana gaban maza ba tun da aka yi rasuwar, ta ce daga bayan ƙofa a haɗa tumuninta na takaba da rabon ɗiyanta, ta gefen rijiya.

Aka je fadama da igiya aka auna. Gefen rijiya, inda tsofaffin mangwaron da gwaibar suke, ya faɗa wa matan. Gefen tudu ya faɗa wa taubashina, kuma bai janye maganarsa ba, don ɗan Kawu ne. Masu gawayi suka zo. Ina garin ranar, na ji saran tun daga masallaci, ban je na gani ba. Lemun nan da ya haƙura da ƙasarmu yana cikin waɗanda suka tafi. Ya shuka albasarsa, ta kuma yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

Auta ta sa mijin yayarta yana kula da nasu gefen. Gidan haihuwa har yanzu kwarya tana zuwa. Ta ƙara ƙa'ida ɗaya da ba ta cikin na ubanta: duk wanda ya zo sayen kayan dubiya sai an tambaye shi me ke damun majinyacin, in suga ne a ba shi gwaiba kaɗan a gaya masa dalili, ko ya ji haushi. Wasu suna ji.

Da bazarar bana na je Katuru na bi ta fadama da tsakar rana. Gefen tudu fayau yake, rana tana dukan kunyoyin albasa. Na tarar da taubashina a gefen ƙannensa, ya jingina da gindin babban mangwaron, fartanya a gefe, hula a kan gwiwa. Ya gan ni ya riga ni magana.

"Inuwa niz zo sha. Kada ka rubuta wani abu."

Na ce masa na ji. Na zauna kusa da shi, muka yi wa Kawu addu'a tare. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya karɓi dashensa a matsayin sadaka mai gudana, ya saukar da shi a lambun da ba a auna wa kowa abin da zai ci. Mu da muka rage, Allah ya ba mu irin taurin kansa na biyu.